Sayen kayan hawan dutse a intanet: shagon igiya daban, shagon takalmi daban

Sayayya a intanet cinikin biri a sama ne. Ka biya, ka koma ka zauna jiran abin da hotonsa kaɗai ka gani. In riga ce ta zo ba yadda kake so ba, asarar ba ta wuce ta kuɗi da ɗan ɓacin rai. Igiyar hawan dutse kuwa, ranar da za ka san gaskiyarta ita ce ranar da ƙafarka ta zame kana mita 20 sama da ƙasa. Saboda haka kafin a yi maganar wane shago ya fi, sai an fara raba abin da ke cikin kwandon gida uku, domin kowane kashi da abin da yake nema a wurin mai sayarwa.

Kashi na farko shi ne kayan da rai ke rataye a kansu: igiya, ɗamarar ƙugu mai madaurin cinyoyi, karabina, wato ƙugiyar nan mai ƙofa, kwikduro mai karabina biyu a haɗe da gajeren madauri, birkin igiya irin su GriGri da ATC, madaurai ɗinkakku, kam da noti da ake cusawa a tsagar dutse, da hular kwano. A nan abin tambaya shi ne daga ina kayan suka fito, ta hannun wa suka biyo, kuma yaushe aka ƙera su. Kashi na biyu kayan da sai sun zauna a jiki daidai suke aiki, takalmi ne kan gaba, amma ɗamara da hular kwano ma sun shigo nan. A nan sharaɗin mayar da kaya ne ke da nauyi. Na uku kuwa su allin da ake shafawa a hannu don kada ya zame, jakar alli, burushi, tef na yatsu, jakar igiya. Waɗannan duk inda ka ga araha ka saya, ba sai an tsaya a kansu ba.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya zuba duka ukun a kwando ɗaya a shagon da ya fi ragi, don ya tsira daga kuɗin aike.

Abin da ya kamata shafin kaya ya nuna maka

Shagon kirki ba ya ɓoye lambobi. Kayan hawa da ake sayarwa a Tarayyar Turai suna ƙarƙashin dokar kayan kariya ta 2016/425, kuma kowane iri da ƙa'idar gwajinsa: EN 892 ta igiya mai miƙewa, EN 12277 ta ɗamara, EN 12275 ta karabina, EN 566 ta madaurai ɗinkakku, EN 12492 ta hular kwano, EN 12276 ta kam, EN 15151 ta birkin igiya. A kan igiya, ɗamara da karabina, alamar CE, wadda ke nuna kayan sun cika ƙa'idar Turai, tana zuwa ne da lamba 4 a gefenta, misali 0082 ko 0123, kuma lambar hukumar da ke sa ido kan yadda ake ƙera kayan ce. CE tsirara babu lamba a kan karabina alamar tambaya ce babba. Akwai kuma tambarin UIAA, ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya. Shi ba dole ba ne, kamfani ne ke nema da kansa, amma yana da wani amfani na musamman ga mai saye a intanet: UIAA tana da rumbun bayanai a shafinta inda za ka rubuta sunan kamfani ka ga ko da gaske an ba wannan samfurin shaida. Mai sayarwa zai iya manna hoton tambari a tallarsa, amma ba zai iya saka kansa cikin wannan rumbun ba. A Amurka doka ba ta tilasta CE kan kayan hawa na nishaɗi, sai dai manyan kamfanoninta duk suna gwada kayansu da waɗannan ƙa'idoji domin suna sayarwa a Turai.

Ɗauki karabina. A gadon bayanta za ka ga lambobi uku a zane da kN, kuma kN ɗaya ya yi kusan nauyin kilo 100 a rataye. Mafi ƙarancin abin da ƙa'ida ta yarda wa karabina ta yau da kullum shi ne kN 20 a tsaye ƙofa na rufe, 7 a kwance, 7 idan ƙofa na buɗe. Shafin da ya rubuta "tana ɗaukar kilo 2,500" kawai, bai ce komai kan sauran biyun ba, ya nuna maka mai shafin bai san yadda karabina ke karyewa ba. Ba a tsaye take cika karyewa ba, sai lokacin da ta juya ta kwanta, ko ƙofarta ta buɗe ta bugi dutse, ko hancinta ya maƙale a kan ƙarfen da ke jikin dutsen.

Igiya ta fi haka tarko. Iri biyu ce. Mai miƙewa, wadda shafukan Turanci ke rubuta wa dynamic, ita ce ta hawa, domin tana shanye ƙarfin faɗuwa kamar roba. Wadda ba ta miƙewa sosai, static, mai lamba EN 1891, ta saukowa ce da jan kaya da aikin masu gyaran dogayen gine-gine. Wanda ya faɗo a kan wannan yana jagorantar hawa, wato yana gaba yana maƙala igiya yayin da yake hawa, ƙarfin duka zai sauka a ƙugunsa da kuma ƙarfen da ya maƙala. A gwajin EN 892 ana sakin nauyin kilo 80 a kan igiya tilo, dole ta jure aƙalla faɗuwa 5, kuma ƙarfin da za ta isar a faɗuwar farko kada ya wuce kN 12. Don haka shafin igiyar gaske zai ba ka kauri da milimita, nauyin kowace mita da giram, adadin faɗuwa, ƙarfin bugu da kN, da yawan miƙewa. Zai kuma nuna alamar da ke bakin igiyar: 1 a cikin da'ira ga igiya tilo, ½ ga wadda ake amfani da biyu ana maƙala su daban-daban, da'ira biyu a sarƙe ga tagwaye da ake maƙalawa tare. In ka ga talla mai cewa igiyar hawan dutse, mita 10 ko 20, da ƙugiyar ƙarfe a ɗinke a bakinta biyu, babu lambar EN 892, to wannan ba igiyar hawa ba ce ko me aka kira ta.

Shagunan da kansu

Shafin kamfanin da ya ƙera kayan, kamar Petzl da Beal na Faransa, Black Diamond na Amurka, Edelrid na Jamus, Mammut na Suwizalan, DMM na Wales, shi ne inda babu shakkar asali ko kaɗan. Kayan gyara ma a nan aka fi samu. Sai dai farashinsa galibi cikakke ne, iri ɗaya kake gani, kuma sau da yawa ba ya aikawa sai cikin yankinsa. Ko ba a nan za ka saya ba, ka buɗe shi a gefe: takardar bayanin amfani tana nan, sanarwar kiranye, wato janye kayan da aka gano suna da matsala, tana nan, jerin dillalan da kamfanin ya amince da su ma galibi yana nan. Shagon da sunansa ke cikin wannan jerin ya riga ya amsa tambaya mafi girma.

Ƙananan shagunan da hawan dutse ne sana'arsu, irin su Needle Sports da Bananafingers a Ingila, Oliunìd a Italiya, Barrabes a Sifen, ko Au Vieux Campeur na Paris wanda ya girma ƙwarai amma asalinsa ke nan, su ne suka fi dacewa da kashi na farko, musamman ga mai haɗa kayan tsaga, wato su kam da noti. Masu amsa saƙo a can galibi masu hawa ne. Za su sayar maka da kam ɗaya lamba 0.75 in shi kaɗai ka rasa, su yanka maka siririyar igiya mai milimita 7 mita-mita, su gaya maka gaskiya in birkin da ka zaɓa bai dace da igiyarka ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. GriGri na yanzu an yi shi ne don igiya tilo daga milimita 8.5 zuwa 11, kuma igiya sabuwa siririya mai santsi tana gudu a cikin kowane birki fiye da tsohuwa mai kauri. Rauninsu shi ne kayan ba su da zurfi, launi ko lambar da kake so kan ƙare, kuma kuɗin mayar da kaya galibi a wuyanka yake.

Manyan shagunan kayan daji da duwatsu su ne tsaka-tsaki. REI ta Amurka ƙungiyar haɗin gwiwa ce da aka kafa a Seattle a 1938, kuma dalilin kafa ta shi ne wasu masu hawa sun gaji da tsadar gatarin ƙanƙara, suka haɗa kai suna yin odarsa daga Turai. Har yau tana mayar wa mambobinta wani kaso na abin da suka kashe, kuma tana ba su lokacin mayar da kaya mai tsawo fiye da wanda ba mamba ba. Backcountry ta fara a Utah a 1996, MEC ita ce ta Kanada, Bergfreunde ta Jamus tana aiki da sunan Alpinetrek a Birtaniya da Alpiniste a Faransa. Fa'idar irin waɗannan ita ce kaya ba sa daɗewa a sito, don haka igiya da ɗamara kan zo da kwanan ƙira na kusa, kuma suna da lambobin takalmi da yawa. Aibinsu: wanda zai amsa maka saƙo wataƙila bai taɓa ɗaura ɗamara ba, kuma wani lokaci hoton sabon samfuri ne a shafi alhali tsohon ne a sito. A Amurka kamfanoni kan ƙayyade mafi ƙarancin farashin da dillali zai tallata, shi ya sa za ka zagaya shaguna biyar ka ga kam ɗin nan a farashi ɗaya. A can bambancin yana cikin kuɗin aike da lokutan ragi, ba a kan lambar da ke shafi ba.

Decathlon ta cancanci magana ta daban, domin mutane kan tsorata da arahar kayanta. Kayan hawanta suna fitowa da sunan Simond, tsohon kamfanin kwarin Chamonix na Faransa da ta saya a 2008. Ƙa'idar EN ɗaya ce ga mai tsada da mai araha. Abin da ƙarin kuɗi ke saya a wasu kamfanoni shi ne rashin nauyi, taushin hannu, daɗin ƙofa, jinkirin tsufa. Ga wanda ke haɗa kayansa na farko, ɗamara da birki da hula da kwikduro 12, wannan hanya ce mai kyau, kuma ta fi kayan da ba a san asalinsu ba nesa ba kusa ba. Araha daga hannun kamfanin da ke da suna da adireshi daban take da araha daga hannun wanda ba a san ko waye ba.

Sai kasuwannin kowa-da-kowa: Amazon, eBay, AliExpress, Temu. A nan shafin rumfa ce kawai, mai kayan wani ne daban, kuma a ƙarƙashin hoto ɗaya ana iya samun masu sayarwa goma. A 2011 Petzl ta fitar da gargaɗi cewa an gano jabun kayanta guda huɗu, karabinar Attache, na'urorin hawa igiya Croll da Ascension, da kurar jan igiya mai suna Rescue. An kwaikwayi launi, tambari, takardar bayani, har da kwalin, ta yadda ido ba ya rabewa, amma a gwaji sun gaza tun kafin a kai ƙarfin da ƙa'ida ta nema. Wannan ita ce matsalar jabu a wannan fanni: ba ka da hanyar gwada shi a gida. Ka rataya a kansa, kilo 70 ɗinka bai kai kN ɗaya ba, zai riƙe ka lafiya lau, ka samu natsuwar ƙarya. Bayan jabu akwai kayan da ba su ɗauki sunan kowa ba, sai dai shaidarsu ta baki ce, da kuma karabinar rataya makulli da aka zana wa "Not for climbing", wato ba ta hawa ba ce, da ƙananan haruffa inda hoton talla ba ya nunawa. Taurarin masu sharhi ba sa taimako a nan, domin yawancinsu lilo ko ragar kwanciya suka rataya da ita. Hukuncin a taƙaice: alli da burushi, saya. Kashi na farko, kada ka saya sai in sunan mai sayarwar da ke rubuce a shafin na kamfanin ne da kansa ko na dillalin da ka gani a jerinsa.

Kayan hannu na biyu suna buƙatar a raba su biyu. Ƙarfe ana iya duba shi: ƙofa ta rufe da kanta ba tare da an taɓa ba, babu tsaga, babu lanƙwasa, ramin da igiya ta ci bai kai milimita 1 ba kuma bakinsa ba kaifi. Wanda ya san aiki zai iya sayen noti ko kam na hannu, ya aika a sabunta madaurin. Zare kuwa ba ya faɗin tarihinsa. Nailan da ruwan batir ya taɓa yana iya zama kamar lafiyayye a ido alhali ya mutu, kuma hoto ba ya nuna shekarun da ɗamara ta yi a rana. A Oktoban 2006 fitaccen mai hawa Todd Skinner ya rasu a Yosemite ta Amurka yana saukowa daga dutsen Leaning Tower, lokacin da zoben gaban tsohuwar ɗamararsa ya tsinke saboda cinyewa. Shi ya san tarihin tasa. Kai ba za ka san na wadda baƙo ya tallata ba. Igiya, ɗamara, madauri da hular kwano sababbi ake saye.

Ragi da kwanan ƙira

Ragin gaske yana da dalili: launin bara ne, an fitar da sabon samfuri, ko kayan sun daɗe a ajiye. Biyun farko alheri ne tsantsa. Na ukun sai an yi lissafi. Petzl tana ba kayan zare da na roba shekara 10 daga ranar ƙira, ko an yi amfani da su ko ba a yi ba, ƙarfe kuwa ba ta sa masa iyaka sai lalacewa. Wasu kamfanonin sun ɗan bambanta, kowa da abin da ya rubuta a takardarsa. To igiyar da ta shekara 4 a sito, wa ta dace da shi? Mai hawa kowane mako, wanda zai cinye ta cikin shekara ɗaya ko biyu, ya samu garaɓasa. Mai fita sau uku a shekara kuwa ya sayi igiyar da kusan rabin ranta ya riga ya tafi.

Kwanan yana jikin kayan. A sababbin kayan Petzl lambar tana farawa da shekara lamba biyu sannan harafin wata, A na Janairu, B na Fabrairu, haka har L. Black Diamond ta daɗe tana amfani da lamba 4 a kan ƙarfenta, ta farko ƙarshen shekara, ukun da suka biyo ranar shekara. Da irin wannan lambar aka tantance kayan da kiranyenta na 2016 ya shafa, wanda ya haɗa da karabina, madauran nailan da wasu kam. Petzl ma ta yi kiranyen wani rukuni na GriGri 2 a 2011 saboda hannunsa kan maƙale a buɗe. Kiranye ba abin kunya ba ne ga kamfani, alama ce cewa akwai mai bibiya. Amma sanarwar sai ta iso gare ka take da amfani, kuma dillalin gaske yana da imel ɗinka da tarihin abin da ka saya. Mai rumfar da ya ɓace bayan wata uku ba zai neme ka ba.

Akwai gwaji mai sauƙi. Kafin ka biya, aika wa shagon tambaya uku: wace shekara aka ƙera wannan igiyar, ku dillalan wannan kamfani ne, kuma kuna karɓar ɗamarar da ba a yi amfani da ita ba idan ba ta yi daidai ba? Shagon da ya tura mutum sito ya duba kwanan ya dawo maka da amsa, ka riƙe shi.

Takalmi da ɗamara

Lambar takalmin hawa ba ta da alƙibla. 42 na La Sportiva ba 42 na Scarpa ba ne, ba kuma na Evolv ko Tenaya ba, har a cikin kamfani ɗaya samfuri biyu kan saɓa. Fatar da ba ta da shafi a ciki tana iya buɗewa har kusan lamba guda bayan 'yan makonni, na roba-roba kuwa kusan yadda ka saye shi haka zai zauna. Hanyar da ke aiki ita ce ka yi odar lamba biyu ko uku a jere da rabin lamba tsakani, ka gwada su da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a kan tabarma ko kafet mai tsabta don kada robar ta yi tabo, ka tsaya kan bakin matakala da babban yatsa ka ji. Yatsu su kai ƙarshe su ɗan lanƙwashe, diddige kada ya bar iska, kuma kada a samu wuri guda da ke suka kamar allura. Ka riƙe ɗaya ka mayar da saura. Da wannan lissafin, shagon da ya fi tsada kaɗan amma mayarwa kyauta ce ya fi mai araha da zai sa ka biya aike zuwa wata ƙasa.

A Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta ba mai saye daga nesa kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ba da dalili ba, amma abin da aka yanka maka da awonka, kamar igiya mita-mita, bai shiga ba. A wasu wurare sharaɗin shago ne kawai ke aiki, kuma shaguna da yawa ba sa karɓar kayan kariya da zarar an cire musu takarda, domin ba za su iya rantsewa ga mai saye na gaba cewa ba a faɗo a kansu ba. Wannan tsauri alamar kirki ce. Shagon da ke karɓar igiyar da aka warware ya mayar da ita kan kanta, ka tambayi kanka wa ya warware wadda za a aiko maka.

Ɗamara ka auna ƙugunka da tef a saman ƙasusuwan kwankwaso, ka auna cinya, ka duba jadawalin wannan kamfanin da santimita, kada ka dogara da S da M da L. In ta zo, ka ɗaura da takardarta a jiki, ka ja ta ƙasa da ƙarfi: kada ta wuce kwankwaso. Hular kwano ma awon kai ne, misali wasu hulunan Petzl suna zuwa 48 zuwa 58 da 53 zuwa 61.

Farashin da ke shafi da farashin da ke bakin ƙofa

Saye daga wata ƙasa yana da lissafi huɗu: kuɗin kaya, kuɗin aike, harajin kwastan da na VAT, da ladan da kamfanin dako ke caja don fitar da kayan. Ga misali da lambobi na ƙiyasi. Abu yana 100 a shagon ƙasarka, 75 a waje. Aike 15 ya kai shi 90. Haraji kashi 20 cikin ɗari a kan jimlar ya kai shi 108, ba a sa ladan fitarwa ba, kuma in ya zo da matsala kai za ka biya komawarsa. Abin da ke iya juya lissafin shi ne shagunan Turai da yawa suna cire nasu VAT idan kayan za su fita daga yankin, kashi 19 a Jamus, 20 a Faransa, 21 a Sifen, 22 a Italiya, kuma ba ka ganin wannan sai ka sa adireshinka. Duba kuma haruffa uku: DDP na nufin an riga an haɗa harajin a abin da ka biya, DAP na nufin za a neme ka da shi kafin a miƙa maka kwalin. Ƙananan kaya ma ba su tsira kamar da ba, Tarayyar Turai ta soke yafe VAT ga ƙananan saƙonni tun Yulin 2021, Amurka kuma ta dakatar da rangwamen da take yi wa kayan ƙasa da dala 800 a 2025.

Girman kaya ma yana cizo. Kamfanonin dako na jirgi suna ninka tsawo da faɗi da kauri da santimita su raba da 5,000, su caje ka kan wanda ya fi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske. Katifar da ake shimfiɗawa a gindin dutse don faɗuwa mai kilo 6 da ta naɗe 100 da 65 da 25 za ta fito kilo 32.5. Ita a kusa ake sayenta. Igiya mai milimita 9.8 da mita 70 ta ɗan haura kilo 4, kam da karabina kuwa ƙanana ne masu tsada, su ne suka fi cancantar odar nesa. Alli na ruwa akwai barasar asibiti a cikinsa mai kama wuta, shi ya sa shaguna da yawa ba sa sa shi a jirgi, kuma kwalba ɗaya kan hana dukan kwandon tafiya. Wasu kamfanoni kuma sun hana dillalansu aikawa wajen yankinsu, sai ka kai wurin biya kayan su ɓace daga kwando.

Wurin biyan ne ma ake gane shagon bogi. Ana kwafe shafin sanannen kamfani, a sa ragin kashi 70 ko 80 a kan komai, kowace lamba da kowane launi akwai, a tallata a Facebook ko Instagram. Ka duba adireshin shafin harafi-harafi, ka nemi sunan kamfani mai rajista da adireshin gini da lambar waya, ka duba yaushe aka buɗe shafin. Ka biya da katin banki ko PayPal, inda akwai hanyar ƙorafi da dawo da kuɗi. Wanda ya nace sai ka tura kuɗi kai tsaye zuwa asusu, ka rufe shafin.

Ranar da kwalin ya iso

Kada ka cire takardar komai sai ka gama dubawa. Takardar bayanin amfani dole ta kasance a ciki. Gwada sunan samfuri da lambobin da ke jikin ƙarfen da na shafin kamfanin, ka ɗauki hoton lambar ƙira ka ajiye tare da rasit. Igiya ka warware ta yadda takardar ta ce don kada ta murɗe, ka bi ta da yatsu daga baki zuwa baki kana neman wuri mai laushi ko ƙulli, ka haɗa bakin biyu ka tabbatar alamar tsakiya a tsakiyar take, ka kuma karanta tsawon da ke bakinta. Mita 60 da mita 70 a naɗe kama suke, amma mai 60 ba ta sauko da mutum daga hanya mai mita 35, domin igiyar sai ta hau ta sauko, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake ƙulla bakin igiya kafin a fara hawa.

Kwikduro ka duba su ɗaya bayan ɗaya, musamman in kai ka haɗa su daga karabina da madauri da ka saya daban-daban. A bakin da igiya ke shiga akwai 'yar roba da ke hana karabina juyawa. A Yulin 2013 wani yaro ɗan Italiya mai shekara 12, gwani a hawa, ya rasu bayan faɗuwa a Orpierre ta Faransa, domin kwikduro ɗin da ya yi amfani da su an haɗa su ne karabina ta ratsa robar kaɗai, ba ta shiga cikin madaurin ba. A ido lafiya suke. Ka ture robar gefe da babban yatsa, ka ga ƙarfen a cikin ɗinkin madaurin da idonka, sannan ka ɗauki na gaba.